Rigar Sanyin Talabijin ɗin Hajiya

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci a kan abin da na yi a unguwar Rayfield ta Jos, ku sani an yi mini gargaɗi. Sau uku ma. Don haka duk mai shirin kare ni da cewa ban san abin da nake yi ba, ya adana yawunsa. Na sani sarai.

Sunana Ummusalma, amma in ka cire takardun makaranta babu mai kirana haka, Salma kawai. Mahaifina Malam Sa'adu mai gyaran rediyo da talabijin ne a Gada Biyu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, cike da gawawwakin talabijin da masu su suka ce za su dawo gobe tun zamanin soja. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ya ba shi, shi kuma bai tsaya ƙorafi ba, ya miƙa mini sukudireba tun ina aji uku a firamare. Na karanta fannin lantarki a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo shagon ina jiran gwamnati ta tuna da ni. Har shekarar da nake ba ku labari, 2008, ba ta tuna ba.

A shagon Sharafaddeen ya same ni. Na'urar faifansa ya kawo, ta haɗiye faifai ta ƙi tofarwa. Na ciro masa cikin minti huɗu, shi kuma ya yi wata bakwai yana dawowa godiya. A Kuru yake aiki, a wani ofishi da ban taɓa gane abin da suke yi ba, sai dai na san ana yawan shan shayi. Mutum ne mai tsabta, mai guga, murmushinsa ma kamar an bi shi da dutsen guga. Ina sonsa, kada ku yi tantama. Abin da ya rage shi ne mahaifiyarsa, Hajiya Maimunatu, ta gan ni ta ce to. Mahaifinsa ya rasu, kuma a gidan nan in Hajiya ba ta ce to ba, ko tukunya ba ta tafasa.

An shirya ganin ne cikin dabara. Ƙanwarsa Sumayya ta dawo gida wankan jego, an yi suna ranar Asabar, sai aka ce in zo barka ranar Lahadi, lokacin da taro ya ragu amma dangi ba su watse ba. Wai barka. Kowa ya san jarrabawa ce.

Gargaɗin farko daga Gwaggo Aisatu ya fito, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Kwana biyu kafin ranar ta kama hannuna ta juya shi kamar mai taya kaza.

"Wannan hannun mace ne ko na bakanike?"

"Duka biyu, Gwaggo."

"To ɗaya za mu je da shi."

Ta kira mai lalle, ta tsaya a kanta har sai da aka zana fure a kan kowane tabon ƙunar dalma. Tabo tara, fure tara. Mai lallen ta ce ba ta taɓa yin zanen da ƙuna ce ke gaya mata inda za ta bi ba.

Gargaɗi na biyu ya shigo wayata da hantsin Lahadi, ina ɗaura ɗankwali. "Slm gimbiya. Don Allah yau kar ki kawo maganar shago. Na riga na yi wa Hajiya bayani a hankali. Ki dai yi shiru ki yi kyau." Na karanta sau biyu. Yin kyau ba shi da wahala a wurina, na gode Allah. Na mayar masa da "To." Ban tambayi wane bayani ya yi a hankali ba, kuma wannan laifina ne.

Na sa atamfa shuɗiya mai ganyen ruwan zinare, ɗinkin riga da siket, na ɗora suwaita fara saboda watan Agusta ne, tun asuba ake yayyafi, sanyin Jos na shiga ƙashi ba sallama. Gwaggo ta sa leshin da take zuwa biki da shi tun ina yarinya, ta riƙo turmin atamfa da sabulun jarirai a leda. A bakin ƙofar gidan, mai tasi na juyawa, ta ba ni gargaɗi na uku.

"Ko rufin gidan ne ya kama da wuta, ke ba ki gani ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Gwaggo."

Gidan irin na Turawan kuza ne, ginin dutse, da dogayen itatuwa da murhun jin ɗumi a falo. Amma abin da ya fara kama idona ba girman falon ba ne. Komai a ɗakin sanye yake da riga. Filas ɗin shayi na da suwaita. Wayar tebur na da hula. Ƙafafun kujeru na da safa. Duk saƙar ulu, duk hannu ɗaya, kuma hannun ƙwararre ne, ko ɗinki ɗaya bai karkace ba. Daga baya na ji Hajiya shekara talatin ta yi tana koyar da saƙa da girki a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Ritayar ce ta faɗa a kan kayan gidan.

Tana zaune a doguwar kujera, siririya, da tabarau a kan hanci da kwarashin saƙa a hannu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa, ta dube ni daga ɗankwali zuwa ƙafa kamar mai duba aikin ɗaliba, ba ta ba ni maki ba, ba ta kuma kayar da ni ba. Na shiga na ga jariri, na yi wa Sumayya barka, na dawo na zauna a kan kafet kusa da ƙafar Gwaggo, kai a sunkuye. Mata sun kai goma sha biyar a falon, 'yan Bauchi da 'yan Kaduna, kowacce na kallona ta gefen ido tana yi kamar cincin take kallo.

Bayan azahar mai bidiyo ya aiko da faifan suna. Nan da nan falo ya rikice, kowacce na son ganin kanta kafin ta hau mota. Aka kira Sharafaddeen daga ɓangaren maza.

Talabijin ɗin sabo ne, irin shafaffen nan mai faɗin ƙofa da aka fara yayi, shi ya saya wa Hajiya wata uku da suka wuce. Yana tsaye cikin wani gurbi a jikin kabet ɗin katako. Shi ma, kamar sauran 'yan gidan, yana sanye da rigarsa: ulu mai kauri, kore da fari, ta rufe baya da sama da gefe biyu, an bar masa fuska kawai, da 'yan tuntaye na lilo a ƙasa.

Ya sa faifan. Hoto ya fito tas, ga rumfa, ga ragon suna, ga wata Hajiya Babba ta Bauchi tana gyara ɗaurinta ba ta san ana ɗauka ba. Aka yi ta dariya. Minti ashirin ana haka, daidai lokacin da kyamara ta doshi Hajiya tana riƙe da jikanta, sai fuskar talabijin ta yi baƙi ƙirin. Guɗa na ci gaba, mai kiɗa na ci gaba, ana jin muryar Hajiya tana sa albarka, hoto kuwa babu.

"Ya sake," in ji Hajiya, ba ta ko ɗaga kai daga saƙarta ba.

Sharafaddeen ya ɗauki rimot, wanda shi ma safa gare shi, ya shiga dannawa. Ya kashe, ya kunna. Hoto ya ɗan ƙyafta ya ɗauke. Ya zare wayoyin faifan ya mayar, ja a gurbin fari, fari a gurbin ja, ya sake gyarawa. Ya ciro batir ɗin rimot ya ciza ya mayar. Ya ɗan mari gefen talabijin ɗin, a hankali, don rigar uwarsa ce a jiki. Ni dai ina ƙirga furannin kafet. Hamsin da biyu ne a layin farko.

Da ya gaji ya kira wanda ya sayar masa, wani Livinus mai sayarwa da gyara, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yana faɗa.

"Oga, sau biyu na zo gidan nan," in ji Livinus. "Awa biyu na zauna ina kallo, tibi ba ta yi komai ba. Lafiyansa lau. Wataƙila wutan gidanku ne."

"Ni za ka gaya wa wutar gidanmu?"

"To wataƙila bai son baƙi, oga."

Wata daga cikin 'yan Kaduna ta ce ai kayan yanzu duk haka suke. Wata ta ce ita dai a ganinta a yi masa addu'a, baki ne, jiya mutane da yawa sun yaba shi. Gwaggo ta ɗora ƙafarta a kan yatsuna ta danna, don ta ji numfashina ya sauya.

Ina son ku fahimci halin da nake ciki. Na riga na san ciwon, ko in ce na san kashi tara cikin goma. Murya na fita, ke nan faifai lafiya, waya lafiya, wuta lafiya. Yana yin minti ashirin kafin ya ɗauke, ke nan sai ya yi zafi. In mai gyara ya zo ba ya yi, ke nan akwai abin da ake sauyawa in mai gyara zai zo. Kuma abin yana gabana, kore da fari, da tuntaye. In na yi shiru, na ci jarrabawa. In na yi magana, zan gaya wa matar da nake neman yardarta, a gaban danginta na jihohi biyu, cewa ita ce ta shaƙe talabijin ɗinta da hannunta.

Na yi niyyar yin shiru. Allah ya sani na yi. Sai Sharafaddeen ya ce, da muryar masana, "Gilashin ne ya mutu. Gobe zan sa a kai shi Legas." Za a ɗora lafiyayyen talabijin a mota ya yi tafiyar kwana guda a kan ramuka saboda suwaita. Akwai abin da tarbiyya ke iya dannewa, akwai wanda ba ta iyawa.

Na zare yatsuna daga ƙarƙashin ƙafar Gwaggo.

"Hajiya, in kin yarda in duba."

Falon ya yi tsit, ban da guɗar da ke fita daga baƙin gilashi. Sharafaddeen ya kalle ni kamar na cire ɗankwali a masallaci.

"Salma, bari kawai, ba abin..."

"Bar ta," in ji Hajiya. Ta ajiye kwarashi. "Duba."

Na ciro 'yar Nokia ta mai tocila, na roƙa a saki labule. Na manna hasken a jikin gilashin, na karkata shi. Ga shi nan, dishi-dishi kamar inuwa cikin ruwa: Hajiya da jariri a hannu, bakinta na motsi.

"Hajiya, zo ki gani."

Ta taso, ta gyara tabarau, ta sunkuya. Ta daɗe tana kallon kanta a cikin duhu.

"Ga ni nan kuwa."

"Hoton bai je ko'ina ba. Irin wannan talabijin fitilu ne a bayan gilashinsa, su ke haska hoton. Su ne suka ɗauke. Gilashin lafiyarsa lau."

"Me ya ɗauke su?"

Na zura hannu ta ƙarƙashin rigar na taɓa bayansa. Da na fasa ƙwai a wurin da ya soyu. Na ce ta taɓa. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri.

"Hajiya, ranar da mai gyara ya zo, da rigar nan a jikinsa?"

"Da wane hannun zai taɓa mini ita? Cirewa nake yi in ninke kafin ya shigo."

"Yaushe kika gama saƙa ta?"

"Sati uku ke nan."

"Yaushe ya fara ɗaukewa?"

Malama ce, ta iya lissafi. Na ga amsar ta iso fuskarta, ta zauna a can.

Tunda na riga na shiga ruwa, na ƙarasa. Na ce akwai ƙananan ramuka a bayansa da samansa, ta nan yake fitar da zafi. Rigar ta toshe su, kabet ya toshe sauran. In zafin ya yi yawa sai ya kashe fitilunsa da kansa don kada su ƙone.

"Saboda danshi na yi masa," in ji ta, a hankali. "An ce sanyin damina na lalata su."

"Shi wannan ba ya jin sanyi, Hajiya. Shi kaɗai ne a Jos."

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari. Gwaggo kuwa ta rufe fuska da mayafi, ina jin tana ambaton sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa rigar ba. Na ja baya na tsaya. Hajiya da kanta ta kwance maɓallan, guda shida, ta zare ta, ta ninke gida huɗu ta ɗora a cinya. Na zare filogi daga bango. Na sa Sharafaddeen ya jawo talabijin ɗin waje daga gurbin, ya jawo ba tare da ya kalle ni ba. Na nemi tsohon buroshin haƙori na share gashin ulun da ya cushe ramukan, ya fito dunƙule-dunƙule, kore da fari. Na sa aka kawo fanka aka saita a bayansa. Mata goma sha biyar cikin suwaita suna kallon ana yi wa talabijin fifita a watan Agusta.

"Sai mu ba shi rabin awa," na ce.

Abin da ban faɗa ba shi ne kashi ɗayan nan da ya rage. Sati uku yana dahuwa. In wani abu ya riga ya ƙone a ciki, zan kunna ya ƙi, in zama yarinyar da ta kunyata Hajiya a banza. Na koma kan kafet na zauna. Wayata ta yi motsi a jaka. Ban duba ba, mai aikowa yana tsaye a bakin ƙofa da tasa wayar a hannu.

"'Yata," in ji Hajiya, "a ina kika koyi wannan?"

Gwaggo ta buɗe baki. "Ai makaranta, Hajiya, jami'a ta..."

"A jami'a na koyi sunayensu," na ce. "Aikin a shagon Babana na koya. Malam Sa'adu mai gyaran rediyo, a Gada Biyu, kusa da masu faci. Shekara goma sha biyar ina zama da shi."

"Mai gyara."

"Mai gyara."

Hajiya ta dubi ɗanta, kallo ɗaya, gajere. Ta ɗauki kwarashinta ta ci gaba da saƙa. Ban taɓa sanin rabin awa na da tsawo haka ba. Sai ƙarar fanka da taunar cincin.

Da lokaci ya cika na taɓa bayansa, ya huce. Na mayar da filogi, na yi bisimilla a zuci, na danna. 'Yar fitilar ƙasa ta koma shuɗiya. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Sai ga rumfa, ga rago, ga Hajiya Babba ta Bauchi da ɗaurinta. Aka kalli faifan daga farko har ƙarshe, awa ɗaya da rabi, ko ƙyaftawa bai yi ba. Matan suka yi ta sa mini albarka, wata har ta tambaya ko ina duba firji. Hajiya kuwa ta kalli kanta da jikanta, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da saƙa.

Bayan la'asar muka tashi tafiya. Gwaggo ta riga ta yanke ƙauna, sallama take yi irin ta wanda ba zai dawo ba. Ina sa takalmi Hajiya ta ce, "Ummusalma, zo." Cikakken sunan. Ta shige ɗakinta, na bi ta, ta mayar da ƙofa ta murza makulli.

Ta zauna a bakin gado, ni a ƙasa.

"Rigar nan sati biyar na yi ina saƙa ta," ta ce. "Mutum nawa ne suka shiga falon nan tun da na sa ta? Da injiniya a cikinsu. Ko dai ba su gane ba, ko sun gane sun ji tsorona. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗana ya ce mini mahaifinki babban ɗan kasuwa ne, daga Dubai yake shigo da kayan lantarki. Ya ce ke kuma ba kya fita, sai karatu." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Ke kin ce mai gyara ne kusa da masu faci. Ɗayanku ya yi mini ƙarya. Na ga aikin hannunki, don haka na san wane ne."

Wannan ne bayanin da aka yi a hankali. Na ji kunnuwana sun yi zafi, ba kuma kunyar suruka ba ce. Babana, wanda ya ba shi kujerarsa ɗaya tilo a shago wata bakwai, ya koma kan akwatin talabijin yana zama.

"Ni ba ni da ja a kanki," in ji Hajiya. "In don ta ni ce, ko gobe a kai gaisuwa. Amma tambaya ɗaya zan yi miki, kada kuma ki amsa don ki faranta mini. Ni na haife shi, na san abina. Mutumin da ya ji kunyar sana'ar ubanki tun bai aure ki ba, kina sonsa a hakan?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, ƙwanƙwasar mai ladabi.

"Hajiya? Hajiya, ni ne. Gwaggonta na jira, yamma na yi."

Ko motsi ba ta yi ba. Ni take kallo.

Na zo gidan nan ina addu'ar matar nan ta ce to. Ga shi ta faɗa, ta kuma miƙo mini abin a hannu, sai na ji ya fi nauyin da na zata. Na tuna Babana zaune a kan akwatin talabijin, sai na san amsata. Na gyara zama, na ɗaga kai na dube ta ido cikin ido, karo na farko tun shigowata.

"Hajiya, ki buɗe masa. A gabansa zan amsa."

Ta mayar da tabarau kan hanci, ta tashi, ta murza makullin.